Cutar Hantabairos Mai Kama Zuciya da Huhu: Jinkirin Gane Ta Ne Ya Fi Kisa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata cuta da sunanta ya riƙa yawo a kafafen labarai tun farkon shekarar 2025, lokacin da hukumomin jihar New Mexico ta Amurka suka bayyana cewa ita ce ta yi ajalin Betsy Arakawa, matar fitaccen ɗan wasan kwaikwayon nan Gene Hackman, a gidansu da ke Santa Fe. Cutar ita ce ta hantabairos mai kama zuciya da huhu, wadda ake ɗauka daga ɓeraye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawancin abin da ake rubutawa a kanta yakan tsaya a kan jimla guda, wato ba ta da magani, sai mai karatu ya tashi a firgice ko kuma ya kaɗa kai ya wuce. Gaskiya ne har yau ba a samu maganin da ke kashe ƙwayar cutar a jikin mutum ba, amma wanda ya tsaya a nan ya bar mafi muhimmancin zancen a baya, domin akwai mutane da yawa da suka kai bakin kabari suka dawo, kuma abin da ya raba su da waɗanda suka rasu sau da yawa 'yan sa'o'i ne kawai.

Ya kamata a fara kawar da wani ruɗani. Cutar ba ta da alaƙa da ciwon hanta. Sunanta ya fito ne daga kogin Hantan na ƙasar Koriya. A lokacin yaƙin Koriya, a farkon shekarun 1950, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da 3,000 sun kamu da wani zazzaɓi mai lalata ƙoda da zubar da jini, kuma sai a 1976 ne masanin nan na Koriya ta Kudu, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar cutar a jikin wani ɓeran daji da aka kama a kusa da wannan kogi. Dangin waɗannan ƙwayoyi da ke Asiya da Turai ƙoda suka fi kamawa. Waɗanda ke nahiyar Amurka, Arewa da Kudu, su ne ke kama huhu da zuciya, kuma su ne suka fi kisa. Haka nan ba ita ce zazzaɓin Lassa ba, duk da cewa dukansu biyu daga ɓeraye ake samunsu.

Duniya ba ta san wannan nau'i mai kama huhu da zuciya ba sai a watan Mayun 1993, a yankin da jihohin New Mexico da Arizona da Colorado da Utah suka haɗu. Wani saurayi ɗan ƙabilar Navajo, gwanin gudun yada ƙanin wani, wanda babu wanda ke zaton yana da wata matsala a ƙirji, ya rasu cikin 'yan sa'o'i da fara sarƙewar numfashi, kuma sai aka gano cewa budurwar da zai aura ta rasu kwanaki kaɗan kafinsa da irin wannan ciwo. Daga cikin marasa lafiya 17 na farko da likitoci suka yi bayaninsu a rubuce, 13 rai ya yi halinsa. Cikin 'yan makonni Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gano cewa sabuwar hantabairos ce, wadda daga baya aka raɗa wa suna Sin Nombre, kuma mai ɗauke da ita wani ƙaramin ɓeran daji ne mai manyan idanu da farin gashi a ƙirji da ƙafafu. Sabuwa ce ga likitoci kawai, domin binciken da aka yi a baya ya nuna wani mutum a Utah ya yi wannan ciwo tun 1959, kuma dattawan Navajo sun daɗe da danganta irin wannan mutuwa da shekarun da ɓeraye suka yi yawa.

Ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar ba ya nuna alamar ciwo. Yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa da miyaunsa, kuma idan waɗannan suka bushe suka gauraya da ƙura, sai su jira wanda zai tayar da su. A ɗauki mutumin da ya buɗe ɗakin ajiyarsa bayan ya yi watanni a rufe. Ya ga baƙaƙen ƙananan kashin ɓera a kan katako da bayan buhuna, ya ga sheƙa da aka haɗa da tsummoki a cikin kwali, sai ya ɗauki tsintsiya ya shiga shara, ƙofa ɗaya a buɗe, ƙura ta turnuke ɗakin. Cikin rabin sa'a ya gama, ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Ba ɓera ya cije shi ba, wataƙila ma bai ga ko ɗaya ba, amma ya riga ya shaƙi abin da zai shaƙa. Alamun ciwo ba za su bayyana ba sai bayan mako ɗaya zuwa takwas, galibi biyu ko uku, kuma a lokacin ya manta da ranar sharar gaba ɗaya. Abin da ya faru a gandun shaƙatawa na Yosemite da ke Kalifoniya a 2012 ya nuna cewa ko sharar ma ba dole ba ce. Baƙi 10 suka kamu, 3 suka rasu, kuma kusan dukansu sun kwana ne a wasu tantuna masu bango biyu, inda ɓeraye suka yi sheƙa a cikin abin da aka cusa tsakanin bangayen don tare sanyi.

Farkon ciwon shi ne tarkon da ke cikinsa. Zazzaɓi ne da kasala da ciwon kai da ciwon tsoka, musamman a cinyoyi da kwatangwalo da baya, wasu kuma su yi amai ko gudawa ko ciwon ciki. Babu tari tukuna, kuma yawanci babu yoyon hanci ko ciwon maƙogwaro. Duk likitan da ya ga haka zai iya cewa mura ce mai ƙarfi ko ciwon ciki, ya ba da maganin zazzaɓi ya sallami mutum, kuma ba za a ce ya yi ganganci ba idan babu wanda ya ambaci ɓera. Haka ake tafiya kwana uku zuwa biyar, wani lokaci fiye. Daga nan sai busasshen tari ya fara, numfashi ya yi gajere, kuma kafin a ce kwabo mutumin da ya shigo asibiti da ƙafarsa da safe ya koma rai kwakwai mutu kwakwai da dare. Yawancin waɗanda ke mutuwa suna mutuwa ne a cikin kwana ɗaya zuwa biyu na farkon wannan mataki.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa jinyar ta bambanta da ta sauran cututtukan huhu. Ƙwayar tana shiga tantanin da ya lulluɓe cikin ƙananan jijiyoyin jini, musamman na huhu. Ba ta farfasa shi, amma tsakaninta da martanin garkuwar jiki sai tantanin ya saki, jijiyoyin su fara yoyo kamar ɗinkin da ya kwance, ruwan jini ya tsiyaye ya cika gurbin da iska ke shiga. Mutum yana kwance a kan gado amma yana nutsewa a cikin ruwan jikinsa. A lokaci guda kuma jinin da ya rage a cikin jijiyoyi yakan yi kauri, ƙarfin bugun zuciya ya ragu ƙwarai, ta kasa tura jini zuwa gaɓoɓi. Likitocin da suka fi sanin cutar sun nuna cewa gazawar zuciya ce ta fi kashe marasa lafiya, fiye da rashin iska shi kaɗai, shi ya sa da yawansu suka dage a riƙa ambaton zuciya a cikin sunan cutar.

A nan ne tambaya guda ke da darajar rai. Shin a 'yan makonnin nan ka share wani ɗaki da aka daɗe ba a shiga ba, ko ka kwana a bukka ko tanti a daji, ko ka yi aiki a rumbu, ko ka ga kashin ɓera a inda kake kwana? Idan amsar e ce, gwajin jini na yau da kullum, wanda ƙananan asibitoci ma ke yi, yakan ba da haske tun kafin a samu sakamakon gwajin ƙwayar cutar. Alama ta farko ita ce faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kuma takan bayyana tun mutum yana numfashi lafiya. Daga baya jini ya yi kauri, fararen ƙwayoyin jini su yawaita har da waɗanda ba su gama girma ba, sannan a ga wasu manyan ƙwayoyin garkuwa a ƙarƙashin madubin likita. Likitocin Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque sun tsara waɗannan alamu sun mai da su ma'auni, ta yadda za a iya ɗaukar mataki cikin sa'o'i. A ganina wannan aiki nasu ya fi kowane sabon magani da ake ta jira ceton rayuka zuwa yanzu, kuma abin takaici ne yadda ba a cika ambatonsa a labarai ba.

Wani abin da ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙe shi ne batun ƙarin ruwa. Al'adar jinya ita ce idan jinin mara lafiya mai zazzaɓi ya yi ƙasa, a buɗe masa ƙarin ruwa sosai. A wannan cuta hakan na iya gaggauta mutuwa, domin ruwan da aka zuba a jijiya ba ya tsayawa a cikinta, huhu yake gangarawa. Don haka ana auna ruwan da taka-tsantsan, a fara magungunan da ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu da wuri, a ba da iskar oksijin, a sa na'urar taimaka wa numfashi idan ta kama. Kuma ana yin duk wannan ne a sashen kulawa ta musamman, inda ake duba mara lafiya minti bayan minti. Wanda aka yi zargin yana da cutar a ƙaramin asibiti, daidai ne a tura shi babban asibiti tun yana iya magana, domin idan aka jira sai ya tabarbare, hanya kan cinye shi.

Babban abin da ya sauya lissafi ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani shi ne na'urar ECMO. Ana zura manyan bututu a jijiyoyin matse-matsi, a fitar da jinin mutum zuwa na'urar, ta cire masa gurɓatacciyar iska ta sa masa oksijin, sannan ta tura shi ya koma jiki, wato ta karɓi aikin huhu da na zuciya gaba ɗaya na ɗan lokaci. Wannan cuta ta dace da na'urar ƙwarai, saboda yoyon jijiyoyin ba ya daɗewa. Idan aka riƙe ran mutum na 'yan kwanaki, tantanin yakan koma yadda yake, mara lafiya ya shiga fitar da fitsari mai yawa, huhu ya washe. A Jami'ar New Mexico an sa marasa lafiya 51 a kan na'urar tsakanin 1994 da 2010, dukansu kuwa ma'aunin likitoci ya nuna ba za su tashi ba, amma kashi biyu cikin uku suka rayu. Likitocin sun kuma lura cewa sakamakon ya ƙara kyau da suka fara shirya hanyar bututun tun mara lafiya bai faɗi ba, maimakon su tsaya nema a lokacin da zuciya ke tsayawa. Ƙasar Chile ta ɗauki wannan darasi, inda ƙa'idar jinyarta ta tanadi a gaggauta kai wanda ake zargi asibitin da ke da irin wannan kulawa.

Su kuwa magunguna, labarinsu gajere ne. Ribavirin, wanda ya nuna amfani a nau'in da ke kama ƙoda a wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin, bai nuna wani amfani ba ga waɗanda suka riga suka shiga matakin huhu da zuciya. Gwajin da aka yi a Chile da methylprednisolone, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, wanda aka wallafa a 2013, shi ma bai rage mutuwa ba. Abin da ya ɗan ba da fata shi ne ruwan jinin waɗanda suka warke, domin a wani bincike na Chile kashi 14 cikin ɗari na waɗanda aka ba su ne suka rasu, alhali a cikin waɗanda ba a ba su ba kashi 32 ne, sai dai ba a raba marasa lafiyar ta hanyar ƙuri'a ba, don haka ba a ɗauke shi a matsayin hujja yankakkiya ba. Allurar riga-kafi kuma, Sin da Koriya ta Kudu suna da tasu ta nau'in ƙoda, amma babu wadda aka amince da ita ga nau'in nahiyar Amurka. Ina ganin ƙarancin masu kamuwa, da kasancewar yawancinsu mutanen karkara ne, suna cikin dalilan da suka sa aikin ke tafiyar hawainiya, kuma wannan ba uzuri ba ne da ya kamata a karɓa hannu bibbiyu.

Alƙaluman CDC sun nuna an samu mutum 864 da suka kamu da hantabairos a Amurka daga 1993 zuwa ƙarshen 2022, kusan dukansu a yammacin kogin Mississippi, kuma kimanin ɗaya cikin uku ya rasu. Ajantina da Chile da Burazil da Faraguwe da Boliviya da Panama duk suna da nasu nau'o'in, waɗansu sun fi waɗansu zafi. Waɗanda suka sha da ƙyar yawanci huhunsu yakan warke sosai, amma da yawa sukan yi watanni suna fama da kasala da haki idan suka yi aikin ƙarfi, abin da ke da nauyi ga manomi ko mai saran itace wanda ƙarfinsa ne jarinsa. Wani abin da alƙaluma ba sa faɗa kai tsaye shi ne cewa inda ake kamuwa da cutar da inda ake iya jinyarta sun yi hannun riga: tana kama mutum a gona ko a gindin dutse, na'urar da za ta cece shi kuma tana babban birni, tafiyar sa'o'i masu yawa.

Sai batun yaɗuwa tsakanin mutane, inda nake roƙon 'yan jarida su yi hattara da harshensu. Nau'in Sin Nombre na Arewacin Amurka ba a taɓa tabbatar da ya tashi daga mutum ya kama wani ba, har da ma'aikatan jinyar da suka kula da marasa lafiya tun 1993. Nau'in Andes na kudancin Ajantina da Chile, wanda wani ɓera mai doguwar wutsiya ke ɗauke da shi, shi ne ya fita daban. An fara ganin haka a garin El Bolsón na Ajantina a 1996, inda har likitoci suka kamu daga marasa lafiyarsu. Amma abin da ya faru a Epuyén, wani ƙaramin gari a lardin Chubut na Ajantina, daga Nuwamban 2018 zuwa farkon 2019, shi ne ya kawar da duk wata tababa. Wani mutum da zazzaɓi a jikinsa ya halarci bikin zagayowar ranar haihuwa mai baƙi kusan 100, ya yi kamar sa'a ɗaya da rabi ya tafi. Bayan makonni biyu zuwa uku, mutum 5 da suka kasance kusa da shi suka kwanta. Ɗaya daga cikinsu ya shafa wa wasu kafin ya rasu, matarsa kuma ta zauna zaman makokinsa da zazzaɓi a jikinta, aka sake samun wasu 10 daga wannan zama. A ƙarshe mutum 34 suka kamu, 11 suka rasu.

Darasin Epuyén yana da fuska biyu, kuma duk wanda ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya ya yi wa masu karatu ƙwange. Cutar ta yaɗu ta hanyar kusanci da mai zazzaɓi a cikin taro, wannan gaskiya ne. Amma da hukumomi suka killace marasa lafiya da waɗanda suka yi hulɗa da su, har da umarnin kotu, matsakaicin adadin mutanen da kowane mara lafiya ke shafa wa ya sauko daga sama da 2 zuwa ƙasa da 1, kuma annobar ta mutu a yankin da ta taso. Tsawon lokacin da ƙwayar ke ɗauka kafin ta bayyana, wanda ke wahalar da likita wajen gano asalin ciwo, shi ne kuma ke bai wa jami'an lafiya damar bin sawun mutane kafin su fara zazzaɓi. Kiranta sabuwar korona, kamar yadda wasu ke yi don jan hankali, ƙarya ce mai cutarwa. Irin wannan sakin baki ya taɓa yin ɓarna a 1993, lokacin da wasu kafafen labarai suka laƙaba wa cutar sunan ƙabilar Navajo, har aka riƙa ƙyamar mutanen da babu abin da za su iya shafa wa kowa.

Yawan masu kamuwa yana bin yawan ɓeraye, yawan ɓeraye kuma yana bin abinci. Kafin 1993 an yi ruwan sama mai yawa a kudu maso yammacin Amurka sakamakon yanayin El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayin ruwan sama, bayan shekarun fari, itatuwa da ciyayi suka yi 'ya'ya birjik, ɓerayen suka ninka kusan sau goma. A yankin Patagoniya na kudancin Ajantina da Chile kuma akwai wani nau'in gora da ke yin fure sau ɗaya bayan shekaru masu yawa, idan ya zubar da iri sai ɓeraye su ɓarke. Ma'ana ana iya hango shekarar haɗari tun kafin ta iso, a gargaɗi manoma da masu yawon daji, a kuma tunatar da asibitocin karkara.

Kariya kuwa ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A toshe duk ramin da fensir zai iya shiga, a adana abinci a cikin abin da ke da murfi, a kafa tarko. Ɗakin da ya daɗe a rufe a buɗe ƙofofinsa da tagoginsa na minti 30 kafin a shiga aiki. Kada a share kashin ɓera a bushe, kada kuma a sa masa na'urar zuƙe ƙura. A sa safar hannu ta roba, a jiƙa wurin sharkaf da ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin tara na ruwa, a bar shi minti 5, sannan a kwashe da takarda ko tsumma a ƙulle a leda, a wanke hannu da sabulu. Gawar ɓera da sheƙarsa ma haka ake yi musu.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da jaridarka za ta kawo labarin wannan cuta, a faɗi nau'in da ake magana a kai da ƙasar da abin ya faru, a bayyana ko daga ɓera aka ɗauka ko daga mutum, a kuma sa alamun farko a cikin labarin. Cikin masu karanta ka akwai matafiya da ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a waɗannan ƙasashe, akwai kuma likitoci da ma'aikatan jinya da wata rana za su iya karɓar wanda ya dawo daga can da zazzaɓi da ciwon cinyoyi. Shi mara lafiyar ya ambaci ɓera da inda ya kwana ko da ba a tambaye shi ba, shi kuma likitan ya duba jininsa a ranar, ya sake dubawa bayan 'yan sa'o'i idan zargin bai gushe ba.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum